Jawabi a Kan Takardar Aure Idan Ta Ɓace

 

Ya ku 'yan'uwa, dattawan jam'iyya sun umurce ni in yi magana a kan takardar shaidar aure, da yadda a kan sake samunta idan ta ɓace. Ban fi kowa sani ba, sai dai abin ya taɓa gidanmu, na yi zirga-zirgarsa da ƙafata.

Wana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mace da 'ya'ya 6. Ma'aikaci ne, yana da haƙƙi wurin aikinsa. Da matar ta fita takaba na raka ta ofishin, suka lissafa mana takardun da za a kawo, cikinsu har da ta aure. Muka komo gida ta buɗe adaka, ta ɗaga zannuwa. Gara ta riga mu. Abin da ya saura bai kai tafin hannu ba, rabin hatimi ne da ƙarshen sunan ubanta. Ta dube ni ta ce, "Malam, shekara 30 da ɗoriya ina cikin gidan nan, yau kuma sai takarda ce za ta faɗi ni matarsa ce?" Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba su san ki ba ne."

To, ku sani takarda ba ta cikin sharuɗan aure. Aure yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adilai. Wanda ya cika waɗannan aurensa ya inganta, ko ba a ɗiga tawada ba. Amma masu cewa rubuta aure al'adar Nasara ce, su koma Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo cikin Alƙur'ani. A kan rubuta bashi ta sauka. Idan an yi umurni a rubuta bashin da za a biya a huta, ina ga abin da gado da nasaba suke rataye da shi? Matar da mijinta ya bar ɗa tana da sumuni, wadda bai bar ɗa ba tana da rubu'i, kuma magatakardan da ke zaune bayan tebur bai halarci ɗaurin auren kowa ba.

Ga yadda muka bi. Da fari muka tafi masallacin da aka ɗaura auren, domin inda aka ba da takarda can ne tushenta, ko masallaci ne, ko kotu, ko ofishin ƙaramar hukuma. Limamin ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ya fito mana da littattafai 3, muka zauna a zaure muna buɗawa har la'asar. Na shekarar da muke nema babu shi, wai an ara ba a mayar ba.

A bakin kotu kuwa wani saurayi ya tare ni, ya ce in ba shi kuɗi kaɗan, kafin azahar zai kawo mini takarda da hatimi da tsohon kwanan wata, har ya murza ta ta yi kamar ta tsufa. Wallahi zuciyata ta raya mini, gama marayu suna gida, kuɗin makaranta ya zo. Amma shaidar zur ke nan, ko da auren gaskiya ne, domin za a sa hannun mamaci a kan abin da bai rubuta ba. Ranar da aka gane kuwa, matar da ke da gaskiya ita za ta zama abin tuhuma, haƙƙinta ya maƙale. Na ce masa Allah ya ba mu alheri.

Muka yi takardar rantsuwa a kotu, cewa takarda kaza ta lalace ta hanya kaza. Wanda tasa sata aka yi ko faɗuwa ta yi, ya fara da kai rahoto wurin 'yan sanda ya karɓi shaida. Sa'an nan alƙali ya nemi shaidu. Ɗaya ya rasu. Ɗayan tsoho ne ƙwarai, idonsa ya tafi, sai da muka ɗauko shi a mota daga ƙauye. Alƙali ya ce, "Baba, ka tuna auren nan?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na miƙa sadakin da hannuna, kuma ranar an yi ruwa har goro ya jiƙe." Ya faɗi waliyyi, ya faɗi sadaki, bai yi gargada ba. Gurbin wanda ya rasu kuma aka kawo dattawan unguwa biyu, suka shaida tun tasowarsu suna jin kowa yana cewa wance matar wane ce. Wannan ita ce shaidar ji, malaman Malikiyya sun karɓe ta a kan aure, Ibnu Asim ma ya yi mata fasali cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu ke karantawa. Alƙali ya rubuta tabbatar da aure, ya buga hatimi. Wata 4 muka yi muna wannan kai da kawowa. Tsohon nan bai ga damina ta gaba ba.

Wanda ya yi auren rajista ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, hanyarsa dabam ce: ya koma ofishin rajistar da aka ɗaura, ya nemi kwafi mai hatimin tabbatarwa.

Akwai kuma masu nema domin sanin asali. Littafin liman yakan faɗi sunan ango da ubansa, da waliyyi, da shaidu, da unguwa. Cikin littattafan nan 3 da muka buɗe, ban sami abin da na je nema ba, amma na tarar da sunan kakana ya yi walicci ga wata mace da ban taɓa jin labarinta ba. Da na tambaya, ashe 'yar ƙaninsa ce, zuriyarta suna nan da rai, yanzu muna zumunci. Mai son ya zurfafa ya nemi tsofaffin littattafan kotunan alƙalai, ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa. Amma ya fara da tsofaffin matan gidansu, su ne suka riƙe wa ya auri wa.

Kun ji abin da ya sami Maiduguri cikin Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari da dare. Wanda ya tsira da ransa bai tsaya neman adaka ba. Saboda haka ina roƙon limamanmu, kowane masallaci ya ajiye littafi mai bango, a rubuta kowane aure da kwanan watan Hijira da na Bature, kada a ba kowa aronsa. Magidanta kuma, a yi kwafi, a ɗauki hotonta da waya, a ba matar tata ta riƙe, a kai ɗaya gidan waliyyinta. Wanda aurensa bai da takarda, ya je ya yi tun shaidunsa suna numfashi.

Ranar Alhamis bayan la'asar magatakardan jam'iyya zai zauna a zauren makaranta. Mai wannan matsala ya zo da sunayen shaidunsa, da guntun takardar in akwai, mu raka shi. Gwauraye mata su aiko da muharraminsu, ko su zo da kansu, an keɓe musu wuri.