Shaihu Umar, Dorugu da Baba Mutuniyar Karo: Karatun Ƙarni na 19 ta Baki Uku



Yawancinmu mun karanta Shaihu Umar a makaranta. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A littafin, Umar malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi, ita kuma mahaifiyarsa ta bi sawu har ta faɗa bauta. Labarin yana sosa zuciya. Amma a tuna, an haifi Ɓalewa a 1912, bayan an daina harin bayi. Ji ya yi daga bakin manya, bai gani ba.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a karanta littafin shi kaɗai ba. A ajiye shi kusa da labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama da gaske, aka kai shi Kukawa, Bature Overweg ya 'yanta shi, ya bi wani Bature, Barth, har Ingila a 1855, inda wani Baturen kuma, Schön, ya rubuta labarinsa da Hausa. Umar na littafi ya dace da uban gida mai tausayi da ya mai da shi ɗa, ya ba shi ilimi. Dorugu kuwa daga hannu zuwa hannu ya yi ta yawo kamar haja. Idan ka karanta su tare sai ka gane inda marubucin ya sassauta wa mai karatu.

Ta uku, Baba mutuniyar Karo, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wata Baturiya, Mary Smith, ta ɗauki labarinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Danginta suna da rinji, suna da bayi. Kuma su ɗin ne mahara suka afka wa, suka kwashi matansu, sai da aka tara kuɗin wuri aka fanso su. Gida ɗaya, ga mai bawa ga wanda aka bautar.  Sai dai kukan uwa mai neman ɗanta, wannan a wurin Ɓalewa kaɗai za ka ji shi sosai.

Mu a Jos maganar ba ta nesa ba ce. Har 1926 ƙasar nan cikin Lardin Bauchi take, kuma kakannin maƙwabtanmu da yawa sun hau duwatsu ne don gudun mahara. Ina roƙon malaman Hausa da na tarihi su haɗa littattafan nan uku a aji ɗaya, a zango ɗaya.