Kare a Ƙofar Gida, Ƙuri'a a Hannu: Jawabin Bikin Cikar Ƙungiya Shekara Goma



Uwar ƙungiya, Hajiya ma'aji, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da sunka zauna can baya suna saurare, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wagga rana. Masu sayar da hatsi da mai da kayan miya ne sunka haɗu sunka ce a yi magana da yawunsu, to abin da za ku ji na mu duka ne.

An ce mu yi magana kan lafiya da siyasa. Mu kuma munka ce sai mun sako kare a ciki. Mun ga wasu sun rufe baki da gyale suna dariya. Ku yi ta, amma ku bari mu kai ƙarshe.

Lokacin da anka kafa wagga ƙungiya, wa ke ajiye kare in ba mafarauci ko mai garke ba? Da yawanmu ko inuwarsa ba mu so ta taɓa mana zane. Sai zaman ƙasar Gobir ya canza. Kun tuna watan Satumba na 2021, da anka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Kun tuna watan Disamba na wannan shekara, da anka ƙona matafiya cikin mota wajen Gidan Bawa. Allah ya jiƙansu. A waɗannan watanni ba wanda za ka kira cikin dare, ba kuma wanda zai kira ka ya ce ku tashi. Kare ne ya zama wayarmu. Har mun koyi harshensa: haushin da yake wa akuyar maƙwabta daban, wanda yake yi in ya jiyo ƙarar babura daga nesa daban. Akwai matan da ke zaune nan waɗanda wannan haushin ne ya ba su lokacin goya yaro su fita ta bayan gida.

Ba mu yi gaban kanmu ba, mun tambayi malamai. Sunka ce shari'a ta yarda da kare don tsaron dabbobi da gona da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwaryar ruwa a wanke ta sau bakwai. Wani malami ya ƙara mana da labarin mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Da anka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, ya nuna musu cewa da Malik ya riski irin nasu zamanin, abin da zai ɗaure a ƙofa ya fi kare. Mun ji daɗin wanga labari ƙwarai, don kamar da mu ake.

To amma mai gadin namu yana iya shigo da mutuwa cikin gida. Garuruwan da sunka watse, mutanensu wasu na Isa, wasu na Sakkwato, wasu sun ƙetare zuwa Gidan Runji a jihar Maraɗi. Mai gudun ransa ba ya tsayawa kiran kare. Karnukan nan sun koma yawo da yunwa, suna shigowa kasuwa wajen mahauta, suna faɗa da namu na gida. Ta nan ciwon haukan kare ke ratsowa.

Bara ɗaya daga cikinmu ta gani da idonta. Jikanta ɗan shekara shida yana wasa bakin rumfa, wani baƙon kare ya kama shi a ƙauri. Ta ɗauke shi zuwa asibiti, anka wanke, anka ce allurar babu. Ta ƙara gaba, nan ma babu. Sai da ta kai birni. Kuma ba allura ɗaya ba ce: ranar farko, rana ta uku, rana ta bakwai, da abin da likita ya ƙara. Ku lissafa kuɗin mota, ku lissafa hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki. Tunkiyarta ta tafi, uwar kuɗinta ta tafi. Yaron yana nan lafiya, alhamdulillahi, ga shi can yana cin ƙosai. Ita kuwa har yau ba ta koma cika buhu ba, tiya-tiya take saro gero.

Bayan wannan ne malamarmu ta gayyato ma'aikaciyar lafiya ajinmu, munka rubuta abin da ta faɗa da hannunmu, ko da rubutun ya karkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wanga ciwo na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yana iya kwantawa a jiki wata biyu ko uku, ciwon ƙafa ya warke, kowa ya manta. Ranar da mutum ya fara tsoron ruwa yana firgita, magani ya ƙare. Shi ya sa ƙona gashin karen a shafa a bakin ciwo ba ya tsare kowa. Abin da ke taimako na farko yana cikin hajarmu: sabulu. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, kar a ɗaure, a nufi asibiti a ranar. In karen na gida ne, a ɗaure shi kwana goma ana duba shi, amma kar a jira kwana goman kafin a fara allura.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wannan: in anka yi wa karnuka bakwai cikin goma rigakafi, ciwon yakan daina yawo a gari. Kuma allurar kare ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba.

Nan ne siyasa ta shigo. Mun san gwamnati na iya kaiwa kowace ƙofa in ta so. Masu ɗigon shan inna sun shiga gidajenmu sau nawa, sun rubuta da alli a bango, sun shafa wa ɗiyanmu tawada a yatsa? An yi ta jan ƙafa a Arewa a 2003, daga baya sarakuna da malamai sunka sa baki, har a watan Agusta na 2020 anka shelanta cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka. Akwatin zaɓe ma bai taɓa ɓata hanyar Turba ba. To me zai hana malamin dabbobi zuwa sau ɗaya a shekara, ranar kasuwa, da akwatin sanyinsa?

Ƙasar Isa ba bare ba ce a wajen mulki. Ta ba jiha gwamna, Attahiru Bafarawa, daga 1999 zuwa 2007. Mun kuma san yadda magana ɗaya daga Abuja ke isowa rumfarmu: canjin kuɗi na farkon 2023 ya bar mu da haja ba mai saye, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu ya ninka kuɗin mota, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli ya raba mu da abokan cinikinmu har zuwa Maris na 2024. Duk wannan mun ɗauka. Amma in zaɓe ya matso, sai a zo mana da taliya da sabulu da turmin atamfa, mu yi guɗa. Haba 'yan uwa! Mu da ko albasa anka taya ƙasa da kuɗinta mukan ce albarka. Ƙuri'ar shekara huɗu ce za mu sallama tun tayin farko? Sabulun dai mu karɓa, kun ji amfaninsa. Sannan mu faɗi farashi. Tsaro ne kan gaba, wannan ko yaro ya sani. Bayansa, duk ɗan takarar da ya shigo taronmu, kansila ne ko ciyaman ko ɗan majalisa, ko wace jam'iyya ta aiko shi, zai faɗa mana gaban jama'a yaushe allurar cizon kare za ta zauna a asibitin da ya fi kusa da mu, yaushe kuma za a zo wa karnukanmu. Yanzu muna da biro, za mu rubuta amsarsa da kwanan wata.

Namu kuma yana wuyanmu. Karen da ya kwana yana tsaronki yana da hakkin tuwo da ruwa, kar a bar shi ya tafi juji ya haɗu da na daji. A hana yara jifansa, tsokana kan jawo cizo. Kun san hadisin matar da anka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa.

Shugabanni sun amince daga wanga wata za a riƙa ware wani abu cikin zubin mako a asusun gaggawa, don kuɗin mota da allura, kar wata ta sake taɓa uwar kuɗinta. Sannan za mu kai takarda ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma kafin 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don wanga ciwo, kuma takardar na bukatar adadi. Hajiya ma'aji za ta buɗe littafi bayan an ci abinci. Duk mai kare a gida ta zo ta rubuta sunanta da yawan karnukan, da hannunta. Wadda ba ta fara zuwa aji ba, ta dangwala, ranar Asabar kuma muna jiran ta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda sunka gudu gidajensu. Wassalamu alaikum.