Ƙashi Ma Sai Da Ban-Ruwa: Jawabi Ga Ɗaliban Ajin Yaƙi Da Jahilci Na Bakura



Yau maganarmu a kan ƙashi take, da yadda likitoci ke ciro shi daga wani wuri a jikin mutum su dasa shi a wani wurin. Ku manoma ne, saboda haka da harshen gona zan yi bayani.

Kowa a nan ya san dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978. Ruwansa ne ke bin manyan hanyoyi, ya shiga ƙanana, har ya iske gonakin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Gonar da hanyarta ta toshe, ko da takinta ya fi na kowa, shinkafarta bushewa za ta yi.

To, haka jikin ɗan Adam yake. Zuciya ita ce dam. Jijiyoyi su ne hanyoyin ruwa. Jini shi ne ruwan. Mutane da yawa suna zaton ƙashi busasshen abu ne kamar itace. Ba haka ba ne. Ƙashi yana da rai. Jini ne ke kai masa abinci da iska. Shi ya sa karaya take haɗewa. Idan jini ya daina zuwa, ƙashi mutuwa yake yi.

Me ke sa a yi dashen ƙashi?

Haɗarin mota ko babur yana sa wa. Harbin bindiga yana sa wa. Akwai kuma ƙari da ke fitowa a muƙamuƙi, ya yi ta girma har sai an yanke ƙashin. Sai kuma wata cuta ta yara da likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba ne, suna ne ya zo ɗaya. A ƙauyukanmu wasu na ce mata ciwon iska, wasu ciwon daji. Tana cin kumatu da leɓe da hanci, har ta kai ga ƙashi.

Dashe iri biyu ne

Na farko, likita ya yanko guntun ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙarin majiyyacin, ya sa shi a inda giɓin yake. Wannan ƙashi ya zo ba tare da hanyar jininsa ba. Dole ya jira naman da ke kewaye da shi ya tsiro masa da ƙananan jijiyoyi. Wannan yakan ɗauki watanni. Yana yin kyau idan giɓin ƙarami ne, kamar santimita 6 ko ƙasa, wato faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Amma idan giɓin babba ne, ko wurin duk tabo ne, ko akwai ruwan ciwo, ƙashin yakan narke ko ya ruɓe. Kamar a dasa shinkafa ne a fako.

Na biyu, likita ya ciro ƙashin tare da jijiyoyinsa. Tsakanin gwiwa da idon sawu ƙasusuwa biyu ne. Babban shi ke ɗauke da yawancin nauyin jiki. Siririn da ke gefe shi ake ɗauka. Ana iya samun tsawon santimita 25 daga gare shi, wato ya ɗara taƙi ɗaya. Ana barin guntu a sama da ƙasa don gwiwa da idon sawu su tsaya daidai. Mutum zai ci gaba da tafiya da ƙafarsa.

Daga nan sai likita ya yanyanka ƙashin ya tanƙwara shi ya yi siffar muƙamuƙi, ya ɗaure shi da ƙarfe da ƙusoshi. Sai babban aiki. Zai nemo jijiyoyi a wuya. Ya ɗinka mai kawo jini da mai kawo jini, mai mayarwa da mai mayarwa. Kaurin jijiyoyin nan bai fi na tsinken tsintsiya ba sosai. Zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta. Sai da madubi mai ƙara girman abu ake ganinsa. Da an saki matsewar, jini ya kwarara, ƙashi ya samu ruwa tun ranar farko. Aikin yakan ci awa 8 ko fiye.

Wani likita mai suna Ian Taylor, a ƙasar Ostareliya, shi da abokan aikinsa suka fara bayyana dashen wannan ƙashi da jijiyarsa a 1975. A 1989 Dokta David Hidalgo na Amurka ya nuna yadda ake gina muƙamuƙi da shi. A hannun ƙwararru, fiye da 9 cikin 10 na irin wannan dashe yana kamawa.

Kwana uku na farko su ne masu haɗari. Jini na iya daskarewa a wurin ɗinki, kamar ciyawa ta toshe hanyar ruwa. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke dubawa dare da rana. Shan taba yana matse jijiyoyi, don haka ake hana majiyyaci ita.

Abin da ya shafe mu

A Sakkwato akwai Asibitin Noma na Yara, wanda aka buɗe a 1999. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa a 2014. Magani da aikin gyaran fuska kyauta ne. Yawancin gyaran da ake yi a can, ana juyo fata da nama ne daga wuya ko ƙirji ko goshi ba tare da an yanke jijiyarsu ba. Dabarar ɗaya ce: kada abin da aka dasa ya rabu da jini. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Amma jama'a, rigakafi ya fi magani. Noma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe 9 cikin 10. Idan an zo da wuri, maganin asibiti da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, ba sai an kai ga wuƙa ba.

Ga abin da za mu riƙe:

1. Mu riƙa buɗa bakin yaro muna dubawa. Dasashi mai jini, warin baki, yawan dalala da kumburin kumatu, alamu ne.
2. Da an gan su, a tafi asibiti ranar. Kwanaki kaɗan ke tsakanin kumburi da ɓulewar kumatu.
3. A kai yara allurar rigakafin ƙyanda.
4. A sa wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko zogale cikin abincinsu. A wanke musu baki kullum.
5. Idan an yi ɗori, yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko zafi ya tsananta, ɗaurin ya tare jini. A sassauta, a nufi asibiti.
6. Wanda cutar ta riga ta ɓata wa fuska, yaro ne ko babba, kada a ɓoye shi a ɗaka. Ba ta yaɗuwa, kuma ba aikin maita ba ne. A kai shi Sakkwato a duba shi.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. Amfanin zuwa aji ke nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a.