Injin murza tol: ƙira, saye da aiki da shi

Yau gaisuwa ta musamman ga maƙera, da masu walda, da masu gyaran jikin mota, domin hirarmu ta shafi sana'arsu. Za mu yi magana bisa wani inji da ake sarrafa fallen ƙarfe da shi, wato tol, wanda wasu ke kira kwano.

Mu fara da ɗan gwaji

Ka ɗauki takarda ka naɗa ta jikin kwalba. Za ta kwanta lafiya lau. To, yanzu ka kifa ƙwarya, ka rufa mata takardar. Me ka gani? Ta yamutse, ta ƙi kwantawa. Dalili shi ne kwalba ta lanƙwasa ta hanya ɗaya, ƙwarya kuwa ta lanƙwasa ta kowane gefe.

Tol ma haka yake. Maƙeran kasuwar Katako ta Yamai suna fasa tsohuwar tano, su yi akwati ko murhu. Yawancin wanga aiki yanka ne da lanƙwasawa. Amma rufin mota, da marufin ƙafarta, da tankin babur, siffar ƙwarya gare su. Lanƙwasawa ba ta isa. Sai an miƙe tsakiyar tol ɗin. In tsakiya ta miƙe, baki bai miƙe ba, ƙarfen ba ya da wurin zuwa, sai ya taso ya yi tozo.

Guduma tana wanga aiki, amma tana barin tabo. Injin murza tol yana yin shi sumul.

Inda ya fito

A ƙasar Ingila injin ya yi suna, wajen masu ƙera jikin mota da hannu. Shi ya sa Faransawa ke kiran shi gargaren Ingila. Wani kamfani na birnin Landan, F. J. Edwards, ya zuba su da yawa da ƙarfen zubi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, an yi amfani da irin su wajen gyara fatar jiragen sama.

Manyan masana'antu suna da injin matsi. Bugu ɗaya, ƙofar mota ta fito. Amma kowace ƙofa sai an yi mata mazubinta, kuma mazubin tsada gare shi ƙwarai. Ba ya biya sai ga mai yin dubbai. Mai son falle ɗaya ko biyu, ko mai gyaran tsohuwar motar da anka daina yin kayanta, shi injin murza ke yi wa rana. Mu kuwa kun san ba mu saurin yada tsohuwar mota.

Yadda yake

Ku dubi harafin C cikin littafinku. Haka jikin injin yake, babban C na ƙarfe tsaye bisa ƙafafu. A bakin C ɗin akwai gargare biyu na ƙarfe, masu juyawa kamar ƙafar amalanke, ɗaya bisa ɗaya.

Gargaren sama babba ne, wajen santimetir 20 daga gefe zuwa gefe, fuskarshi a shimfiɗe take. Na ƙasa ƙarami ne, wajen santimetir 7 ko 8, fuskarshi tana da tozo. Ana yin na ƙasa da yawa, sau tari guda 6, daga mai ɗan tozo kaɗan har mai tozo sosai. Ƙarƙashinshi akwai babbar ƙusa mai zare. In ka juya ta, gargaren ƙasa ya hau ya matse tol.

Ba ya shan lantarki, ba ya shan mai. Hannunka ne ke tura tol gaba da baya.

In za ka ƙera

Ku saurara da kyau, nan ne zuciyar hirar. Ƙarfin injin duk cikin jikin C ɗin yake. In ka matsa, C ɗin yana son buɗe baki. In ya buɗe da yawa, matsin ya tafi a banza.

Akwai wani ɗalibina mai walda. Ya ga hoton injin, ya ce shi ma zai yi. Don ya rage kuɗi, sai ya sayi bututu marar kauri, irin na gadon ƙarfe. Ya gama, ya shafa fenti, abin gwanin kyau. Da munka sa tol munka matsa, sai C ɗin ya buɗe, gargaren sama ya karkace gefe. Tol ya fito da layi-layi. Kuɗin da ya tara tun kaka sunka tafi, ya koma sayen ƙarfe karo na biyu. Araha ba ta ado.

Saboda haka ka nemi bututu mai kusurwa huɗu, mai faɗi, mai kauri. Ka ƙara madogari a kowace kusurwa. Kada ka zurfafa cikin C ɗin fiye da bukata. Santimetir 60 ya isa ka kai tsakiyar tol mai faɗin santimetir 120. Duk yadda ya ƙara zurfi, haka yake ƙara saurin buɗewa.

Gargaren kuwa ba aikin guduma ba ne. Ka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, ya fidda su daga ƙarfe mai tauri, ya goge su har su yi ƙyalli kamar madubi. Ka rubuta mishi awon bisa takarda, kada ka faɗa da baki kawai. Ka sa musu rulma, wanda wasu ke kira boris, irin wanda ake samu wajen masu sayar da kayan mota.

In za ka saya

Da farko ka tambayi kanka: ina da aikinshi? In bokiti da akwati kake yi, ka bar kuɗinka aljihu. In jikin mota kake gyara, to, ka duba abu huɗu.

Na ɗaya, ka matsa gargaren biyu, ka sa wani ya dubi bakin C ɗin. In yana buɗewa har ido ya gani sarai, ka bar shi.

Na biyu, ka juya gargaren a hankali. In yana rawa, ko yana matsewa wani wuri yana saki wani wuri, bai daidaita ba.

Na uku, ka shafa fuskarsu da yatsa. Kowane rami ko tsatsa zai fito bisa tol, kamar hatimi bisa takarda.

Na huɗu, ka ƙirga gargaren ƙasa. Inji mai guda ɗaya tak ba ya yi maka kowane aiki.

Ka tafi da guntun tol ka gwada tun ba ka biya ba. In kuɗin sun fi ƙarfinka, ku haɗa kai ku uku ko huɗu. Inji ɗaya ya isa unguwa.

Yadda ake aiki da shi

Tol mai kaurin milimetir 1 ya dace da mai koyo. Alminiyam, irin na jikin tsohuwar Land Rover, ya fi taushi, amma ya fi saurin ɗaukar tabo.

Ka fara yanka kwali daidai da tozon da kake so. Shi ne ma'auninka. Ka goge tol da gargare da tsumma. A ƙasarmu ta rairayi wanga wajibi ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata falle.

Ka ɗauki gargaren da ya fi ƙarancin tozo. Ka matsa kaɗan kawai. Ka tura tol gaba, ka jawo baya, kana gusawa gefe kaɗan-kaɗan, kamar kana rubuta harafin W kusa-kusa. In ka gama, ka juya tol, ka sake bi ta gicciye. Ka fi yawan bin tsakiya. Ka bar baki, wajen faɗin yatsa biyu. In bakin ya miƙe, tozon zai kwanta, bakin ya yi ta lilo.

Ka riƙa tsayawa kana ɗora kwalinka. Miƙe ƙarfe sauƙi gare shi, maido shi ne wuya. Mai gaggawa yakan matsa da ƙarfi, sai ya samu kwari-kwari kamar kunyar gona. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kula da yatsunku, gargare ba ya sanin ƙarfe ba ya sanin nama. Ku goge kaifin bakin tol kafin ku fara. Babban falle sai mutum biyu, ɗaya nan ɗaya can. Kada yara su yi wasa da injin.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Me ya sa takarda ke kwantawa jikin kwalba, ba ta kwantawa bisa ƙwarya?
2. Wane kuskure mai waldan nan ya yi?
3. Cikin C mai zurfin santimetir 50, tol mai faɗin nawa za ka iya kai wa tsakiya?

Ku rubuta amsoshinku, ku nuna wa malaminku. Wanda ke da maƙwabci mai gyaran mota, ya karanta mishi wagga takarda. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.