Gyaran Bindigar Wasa Domin Daidaita Bara: Misalin Ruger 10/22



Batun wannan lacca shi ne yadda 'yan wasan harbi na Amurka suke gyara bindiga mai ɗura kanta, watau wadda kowane jan kunama yake fitar da harsashi ɗaya, sa'an nan ta ɗura wani da kanta. Misalin da za a duba shi ne Ruger 10/22, wadda kamfanin Sturm, Ruger ya fitar a shekarar 1964. Sunanta ya bayyana siffarta: gidan harsasanta yana cin guda 10, harsashin kuwa ɗan ƙarami ne na .22, wanda kaurinsa bai kai kwatan inci ba.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi da daidaito. Maharbi yakan yi harbi biyar a kan allon bara daga nisan yadi 50, sa'an nan ya auna tazarar da ke tsakanin hudoji biyu mafi nisa da juna. Gwargwadon ƙanƙantar tazarar, gwargwadon ingancin bindigar. Saboda haka manufar kowane gyara ita ce bindiga ta maimaita abu ɗaya a kowane harbi.

Gyara na farko na bututu ne. Duk lokacin da harsashi ya bi ta cikinsa, bututu yakan yi rawa wadda ido ba ya gani, idan kuwa rawar ta bambanta daga harbi zuwa harbi, sai harsasai su warwatsu. Don haka akan musanya siririn bututun asali da mai kauri, wanda faɗinsa ya kai inci 0.920. A wannan bindiga musanyar ba ta da wuya, domin sukuru biyu ne kawai suke riƙe da bututun, abin da ya sa ta yi farin jini wajen masu gyara. Har wa yau akan cire zoben ƙarfen da ya ɗaure bututu da katako, a rage katakon yadda ba zai taɓa bututun ba, domin itace yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, ya karkatar da bara.

Na biyu shi ne kunama. Ta asali tana bukatar ja mai nauyin laba 5 ko fiye, kafin ta saki kuwa hannu ya riga ya motsa bakin bindiga. Ta gasa takan saki a wajen laba 2½ zuwa 3.

Na uku, wanda ya fi sauran araha, shi ne zaɓen harsashi. Sauti yana tafiyar kimanin ƙafa 1,125 a daƙiƙa. Harsashi mai gudun ƙafa 1,250 yakan fita da gudun da ya fi na sauti, sa'an nan ya rage gudu a hanya, a daidai wannan sauyi kuwa iska takan girgiza shi. Wanda ya fita da gudun ƙafa 1,070 ba ya gamuwa da wannan cikas, shi ya sa 'yan gasa suka fi son sa.

Sai dai kowane gyara yana da nasa farashi. Bututun gasa yana da matsattsen mazaunin harsashi, wanda yake ƙara daidaito, amma yakan riƙe harsashin da ba a harba ba, mutum ya zaci bindiga ba kome cikinta alhali kuwa a ɗure take. Haka nan kunamar da aka sassauta fiye da kima tana iya tashi da ɗan bugu kaɗan. A nan ne Bahaushe yake cewa kada garin neman gira a rasa ido. Aikin kunama na ƙwararren maƙerin bindiga ne, a Nijeriya kuwa mallakar bindigar ma kanta sai da lasisi.

Daga ƙarshe, ƙwararru ba sa canza abu biyu a lokaci guda. Sukan canza ɗaya, su gwada, su rubuta sakamako, kana su wuce gaba, domin wanda ya canza uku tare ba zai san wanne ya amfane shi ba. Wannan ƙa'ida tana da amfani ga mai bincike a jami'a da ma'aikaci a ofis kamar yadda take da shi ga maharbi.