Jirgin ƙasa ya iso Agege: wa ake biya diyya, wa ake kora hannu rabbana?

An nemi in yi magana a kan ayyukan hanyoyi da sufuri da ake yi a Legas, da yadda suka shafi haƙƙinmu.

Babu mai musun cewa an yi aiki. A watan Maris na 2008 manyan motocin BRT suka fara jigila daga Mile 12 zuwa CMS. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a Agege a 2021. Jirgin ƙasa na shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, sannan a 2024 aka ƙaddamar da jan layi, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, mai tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Duk wanda ya taɓa kwana a cunkoson Oshodi ya san darajar wannan. Mu ma muna hawa, muna kuma biyan harajin da aka yi su da shi.

Amma ku lura da inda ayyukan ke bi. Kakanninmu sun zauna a bakin layin dogo ne, tun da jirgi ya kai Kano a 1911, goro yana tafiya Arewa, shanu suna gangarowa. Haka Zangon Agege ya bunƙasa. Bakin titi, bakin tasha, bakin kasuwa, nan abincinmu yake, nan kuma injiniya yake fara ja layinsa. Shi ya sa duk lokacin da katafila ta fito, da wuya ba ta taɓa namu ba.

To me doka ta ce? Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko asalin garinsu. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina, na 44 kuma ya ce in gwamnati za ta karɓe, sai ta biya diyya ba da ɓata lokaci ba, kuma mai abu yana da ikon zuwa kotu a kan yawan abin da aka ba shi. Sai dai dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Yana iya soke mallaka don aikin jama'a, bayan ya ba da sanarwa, kuma abin da ake biya shi ne kuɗin ginin da ke kan filin. Wanda ya kafa rumfa a filin hukumar jiragen ƙasa ko ƙarƙashin gada, ko ya shekara talatin a wurin, doka ba ta tanadar masa komai ba. Wannan magana ba ta da daɗi, amma gara ku ji ta daga bakina.

Da aka fara aikin jan layi a 2021, gwamnatin jiha ta raba cek ga masu gidaje da 'yan haya da aikin ya shafa. Kafin a biya, ƙidaya ake yi, kuma wanda sunansa ya shiga takarda shi ake nema. A nan ne ake yawan barinmu a baya. Mutum ya sayi fili a hannun 'yan ƙasa da shaidar baki kawai. Wani ya shekara goma yana biyan haya, ba shi da rasit ko ɗaya. Wani kuma da ya ga masu riƙe da takarda da jan fenti sun shigo unguwa, sai ya rufe shago ya ɓuya, yana zaton 'yan haraji ne. Ranar biya sai a ce ba a san da shi ba.

Batun acaba kuwa, ra'ayina shi ne an yi gaggawa, domin an rufe wa dubban matasa hanyar abinci ba a tanadar musu wata ba. Duk da haka doka ce. Daga 1 ga Yuni 2022 aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Ku daina kiran ƙannenku daga gida kuna saya musu babur da bashi ba tare da kun gaya musu wannan ba. Amma hana sana'a daban, hana shigowa gari daban. A watan Agusta na 2019 an tsare mutum 123 da suka taso daga Jigawa a babbar mota, aka bincika ba a same su da laifi ba, aka sake su. Babu wanda yake da ikon mayar da ɗan ƙasa daga bakin Legas don kawai ya fito daga Arewa.

Abin da nake roƙo a yi kafin taro na gaba shi ne kowane magidanci ya yi rajistar zama da hukumar LASRRA, shi da iyalinsa. Mai fili ya kai takardunsa wurin lauya a duba su, ɗan haya ya nemi rasit da sunansa a jiki. In an shafa wa gini jan fenti, a ɗauki hoto a ranar, a rubuta kwanan wata, a kawo wa sakatare, domin ƙungiya ta rubuta wa hukumar da ta yi alamar tun ba a kawo katafila ba. Iyaye mata masu sayar da abinci a bakin tashoshi, ku ma a rubuta sunayenku da wurin da kowace take zama.