Waƙoƙin da Suka Tsare Shiri



A Amurka an yi wani shirin talabijin mai farin jini, The Wonder Years. Ya ƙare a 1993, amma bai fito a faifan DVD ba sai 2014. Me ya tsare shi? Waƙoƙi, jama'a, waƙoƙi.

Izinin waƙoƙin da aka saya na nunawa a talabijin ne kawai. Faifai kuwa sabon ciniki ne. Kowace waƙa sai an sallami masu haƙƙi biyu: marubucin waƙar, da kamfanin da ya naɗe ta. In kuɗin ya yi yawa, wasu kamfanoni sukan cire waƙar su liƙa mai araha, shiri ya zama lami.

Furodusoshinmu, ku rubuta yarjejeniya da mawaƙa tun yanzu, har da intanet a ciki.

A huta lafiya.